Abinci da ciwon daji: amsoshin tambayoyin da aka fi yi

Kusan kullum sai an turo saƙo a WhatsApp: wannan abincin yana kawo ciwon daji, wancan ganyen yana warkar da shi cikin mako biyu. Wasu saƙonnin akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu. Wasu kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma tana jawo asarar rayuka, domin tana kawar da hankalin mutane daga inda haɗarin yake. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da bincike ya tabbatar a kansu.

Da gaske abinci yana da hannu a ciwon daji?

Yana da hannu, amma ba shi kaɗai ba. Ciwon daji yana farawa ne idan wasu ƙwayoyin halittar jiki suka samu lahani, suka shiga hayayyafa babu tsayawa. Lahanin ba ya faruwa dare ɗaya, taruwa yake yi a hankali, wani lokaci shekara goma ko ashirin kafin ya bayyana. Yawan shekaru yana da hannu, gado yana da hannu, haka taba sigari da wasu cututtuka irin su ciwon hanta. Abinci ɗaya ne daga cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na cututtukan daji ana iya kauce musu.

Hujja mai ƙarfi ta fito daga Japanawan da suka yi ƙaura zuwa tsibirin Hawai na Amurka. A Japan kansar ciki ce ta fi yawa, ta hanji kuwa ba ta da yawa a wancan zamani. Da suka zauna a Hawai, kansar ciki ta ragu a tsakanin 'ya'yansu da jikokinsu, ta hanji da ta mama suka ƙaru. Jinin bai canza ba, cimarsu da yanayin rayuwarsu ne suka canza.

Sai dai a kula: mutum yana iya kiyaye cimarsa iya ƙoƙarinsa kuma ciwon ya same shi. Rage haɗari ake magana, ba a ce an toshe ƙofa gaba ɗaya ba. Don haka bai dace a tsaya a kan marar lafiya ana ce masa abin da ya ci ne ya ja masa ba.

A ƙasar Hausa, wane abu ne a cikin abinci ya fi kamata a ji tsoro?

A ganina, gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna. Ba a cika maganarsu ba, alhali suna cikin tukunyar kusan kowane gida.

Akwai wata fumfuna da masana ke kira Aspergillus flavus, wadda ke son zafi da laima. Idan ta kama gyaɗa ko masara, tana fitar da wani dafi mai suna aflatoksin. An gano shi ne bayan abin da ya faru a Ingila a 1960, lokacin da talo-talo sama da 100,000 suka mutu bayan an ciyar da su da garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Brazil. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wato IARC da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa wannan dafi a rukunin farko, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Hanta yake kai wa hari.

Idan aka ci shi da yawa lokaci guda, yana iya kisa cikin ɗan lokaci. A 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kwanta bayan sun ci gurɓatacciyar masara, 125 suka rasu. Amma abin da ya fi damun mu shi ne ɗan kaɗan ɗin da ake ci kullum ba a sani ba: a kunun gyaɗa, a ƙuli-ƙuli, a tunkuza, a yajin tsire, a tuwon masara, a koko. Hanta tana ta karɓa shekara da shekaru. Binciken da aka yi a Benin da Togo ya kuma nuna alaƙa tsakaninsa da tsumburewar yara, musamman bayan yaye, lokacin da ake ɗora su a kan kunu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne inda gyaɗa marar kyau take ƙarewa. Ana zuba gyaɗa a faifai ana tsinta, ana ware masu kyau gefe guda domin kasuwa. Motsattsu da baƙaƙe da waɗanda ƙwari suka huda kuma ana tara su a wani kwano. Maimakon a zubar, sai a sayar da su da araha ga masu yin mai da ƙuli-ƙuli, ko a bar su a gida a yi wa yara kunu, ko a zuba wa kaji da awaki. Wato ɗan kwanon da ya fi kowanne dafi shi ne yake shiga cikin talaka da 'ya'yansa. Bai wa dabbobi ma ba mafita ba ce, domin saniyar da ta ci gurɓataccen abinci tana fitar da wani ɓangare na dafin a cikin nononta.

Idan na soya gyaɗar ko na dafa masarar sosai, dafin ba zai mutu ba?

Ba zai mutu ba. Wuta tana kashe fumfunar, amma dafin da ta riga ta bari yana jure zafin girki. Suya tana iya rage wani abu, ba ta kawar da shi. Kuma shi dafin ba shi da launi ko wari, don haka hatsi yana iya zama da kyan gani alhali yana ɗauke da shi. Maganin abin yana gona da rumbu ne, tun kafin a kai ga murhu.

A girbe amfanin gona a kan lokaci, kada a bar shi a gona ruwan ƙarshen damina ya sake dukansa. A shanya a kan tabarma ko tamfol, ba a kan tsurar ƙasa ko gefen titi ba, kuma a bari ya bushe ƙarau, yadda idan aka girgiza gyaɗa za a ji tana kaɗawa a cikin ɓawonta. Buhu kada ya kwanta a kan siminti ko ya jingina da bango, a ɗora shi a kan katako inda iska ke shiga. A tsince marasa kyau a binne ko a ƙone. Idan kika tauna gyaɗa kika ji ɗaci, ki tofar, kada ki haɗiye.

Kada a raina waɗannan matakai. A ƙasar Gini an gwada su a ƙauyukan manoman gyaɗa: tsinta da hannu, shanya a kan tabarma, buhunan algarara da ɗorawa a kan katako. Sakamakon da aka wallafa a 2005 ya nuna dafin da ke cikin jinin mutanen ƙauyukan da suka bi tsarin bai kai rabin na sauran ƙauyukan ba. Ga manomi kuma akwai Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar. Ƙwayoyin dawa ne da aka lulluɓe da wani nau'in fumfunar da ba ya fitar da dafi. Ana watsa shi a gona mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, sai marar dafin ya mamaye wurin ya hana mai dafin sakewa.

Mene ne haɗin wannan da ciwon hanta?

Haɗin nasu shi ne babbar matsalar. Ciwon hanta nau'in B shi kaɗai yana kawo kansar hanta, aflatoksin ma haka. Idan suka haɗu a jikin mutum ɗaya, haɗarin ninkawa yake yi, har masana suna ƙiyasta ninki 30 a kan wanda dafin kaɗai ya shiga jikinsa. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kimanin kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da wannan ƙwayar cuta, kuma akasarinsu ba su sani ba, domin tana iya shekaru ba ta nuna alama. Shi ya sa a Yammacin Afirka kansar hanta take ɗauke magidanta 'yan shekara talatin da arba'in, a lokacin da iyali suka fi buƙatarsu.

Gwajin jini ne kawai ke nunawa, kuma ba shi da wahala. Wanda ba shi da ita ya yi rigakafi. Wanda yake da ita ya riƙa ganin likita, akwai magungunan da ke danne ƙwayar cutar, kuma shi ya fi kowa buƙatar kiyaye irin gyaɗar da yake ci. Jariri kuwa a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Najeriya ta sa wannan allura a jerin rigakafin yara tun 2004. Ko a gida aka haihu, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira suna.

An ce nama yana kawo kansa. Mu daina cin tsire da kilishi ke nan?

Ba a ce a daina cin nama ba. A watan Oktoban 2015 IARC ta sa sarrafaffen nama a rukunin farko, jan nama kuma, wato na shanu da tumaki da awaki, a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna kawo ciwon. Sarrafaffen nama shi ne wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi ko sinadarai, kamar naman gwangwani da sosej. Cikin misalan da suka bayar har da busasshen nama irin na Afirka ta Kudu, don haka kilishi ya shiga wannan ma'ana.

Lissafin shi ne, cin gram 50 na sarrafaffen nama kowace rana yana ƙara haɗarin kansar hanji da kashi 18 cikin 100. Wannan adadi ya firgita mutane fiye da kima. A misali, idan a cikin mutum 100 biyar ne za su kamu a tsawon rayuwarsu, ƙarin zai mayar da su kusan shida. Zaman nama da taba a rukuni ɗaya yana nufin an tabbatar da hujja a kan kowannensu, ba ya nufin ɓarnarsu ɗaya. Taba ta yi wa nama fintinkau.

Mafi yawan gidajenmu ma ba sa samun naman da zai kai ma'aunin da ake gargaɗi a kai, wato gram 350 zuwa 500 na dafaffen jan nama a mako. Ga yaro ko mai juna biyu a karkara, ƙarancin nama ne matsala, ba yawansa ba. Gargaɗin na mai hali ne da kullum dare sai ya tsaya wurin mai balangu. A wajen gashi kuma a lura: idan kitse ya ɗiga a garwashi, hayaƙi ya turnuƙe ya koma kan naman, yana barin sinadarai masu lahani a jikinsa, haka ma inda ya ƙone ya yi baƙi. A yanke baƙin a yar, a nisanta nama da harshen wuta.

Ganda da kifi banda fa?

Gandar da aka babbaka da tsohuwar taya ko robobi a guje ta gaba ɗaya, hayaƙin taya cike yake da guba. Wadda aka gyara da ruwan zafi ko wutar itace mai tsabta ta fi. Kifi banda abinci ne mai amfani, sai dai a zaɓi wanda bai yi baƙi ƙirin ba, a jiƙa a wanke sosai, kuma a ƙyale duk wanda ke warin maganin ƙwari.

Abincinmu na gargajiya ya fi na zamani lafiya?

A fuskar hanji, ƙwarai kuwa. Denis Burkitt, likitan da ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya lura cewa kansar hanji ba ta cika samun mutanen karkarar Afirka ba alhali ta yi yawa a Turai, ya kuma danganta hakan da cin hatsi da dusarsa. A 2015 an wallafa wani gwaji da ya ƙarfafa maganarsa. An ɗauki baƙaƙen fatar Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20, aka yi musu musayar abinci na mako biyu. Cikin wannan ɗan lokaci alamomin haɗari a bangon hanjin Amurkawan suka ragu, na 'yan Afirka ta Kudun suka ƙaru.

Wasu sassan dusar hatsi da wake da ganye ba sa narkewa a ciki. Suna wucewa zuwa babban hanji, su hanzarta fitar bayan gida, ƙwayoyin halittu masu amfani da ke zaune a can kuma su ci su, su samar da sinadarin da ke ciyar da bangon hanjin. Gero, dawa, acca, wake, gurjiya, kuka, kuɓewa, rama, zogale, alayyafo, kabewa, duk muna da su. Abin takaici, a birane mun koma burodin farar fulawa da safe, farar shinkafa da rana, taliya da dare, ganye kuma sai ɗan abin ado a gefen faranti. Ko geron ma ana surfe shi har sai ya yi fari tas, a ba dabbobi dusar. A rage surfen. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar cin aƙalla gram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kullum, kuma goba da mangwaro da gwanda da ɗinya da kanya duk suna cikin lissafi, ba sai tuffa mai tsada ba.

Gaskiya ne sukari shi ne abincin ciwon daji?

Duk ƙwayoyin jiki da sukari suke aiki, masu lafiya da marasa lafiya. Ko mutum ya daina shan sukari, jiki zai samar da shi daga tuwo da sauran abinci, don haka ba a kashe ciwon da yunwar sukari. Illar sukari ta hanyar ƙiba take biyowa. Ma'aunin da aka ba babban mutum bai wuce gram 50 a rana ba, kimanin ƙaramin cokali 12, kuma robar lemo guda mai rabin lita tana iya cinye wannan kason duka. Zoɓo da kunun aya ma idan aka cika musu sukari sun zama lemon kwalba.

Ƙiba kuma? Ai mu a wurinmu alamar hutu ce.

Wannan fahimta tana buƙatar gyara. A 2016 IARC ta tabbatar da alaƙar ƙiba da nau'o'in ciwon daji 13, ciki har da na hanji, hanta, ƙoda, mahaifa, da na mama bayan ɗaukewar al'ada. Kitse ba ajiya ba ce kawai da ke kwance shiru. Yana samar da sinadarin mata na istirojin, yana ɗaga insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari, a jini, kuma duka biyun suna zuga ƙwayoyin halitta su yi ta rabuwa. Kitsen tumbi ya fi haɗari. 'Yan mata da amare masu shan ƙwayoyin sa ƙiba irin su "sha ka fashe", don Allah ku bari, illarsu ga jiki ba kaɗan ba ce. Tafiyar ƙafa ta rabin awa a yawancin ranakun mako tana taimakawa ko da nauyi bai ragu ba.

Magi yana kawo kansa?

Babu hujjar da ta nuna haka, ko dunƙule ko farin magi. Matsalar gishiri ce, domin kusan rabin dunƙulen gishiri ne, sannan a zuba huɗu ko biyar a miya a kuma ƙara gishiri. Yawan gishiri yana lahanta bangon ciki, kuma an danganta shi da kansar ciki, musamman a Japan da Koriya inda ake yawan cin abincin da aka adana da gishiri. Ma'aunin shi ne ƙasa da gram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali guda, daga duk abin da aka ci. Hawan jini ma kaɗai ya isa dalilin ragewa. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa suna ba miya ɗanɗano.

Burodi da waken kasuwa fa?

NAFDAC ta haramta sa sinadarin buromet a burodi, wanda IARC ta lissafa cikin abubuwan da mai yiwuwa suna kawo ciwon daji. Wake kuma matsalarsa maganin ƙwarin da wasu 'yan kasuwa ke zuba masa kai tsaye, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Wake mai warin magani a bar shi. Mai ajiya ya yi amfani da buhu mai leda biyu a ciki, irin na PICS, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska.

Shayi mai zafi yana da illa?

Shayin kansa ba shi da laifi, zafin ne. A 2016 IARC ta ce abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 ana kyautata zaton yana kawo kansar maƙoshi, wato bututun da abinci ke bi zuwa ciki, bisa binciken da aka yi a wurare irin su Iran da Kudancin Amurka. Ƙuna ce ake maimaitawa a wuri ɗaya kullum. Yadda mai shayi ke sheƙa shi daga kofi zuwa kofi kafin ya miƙa maka al'ada ce mai kyau. Ka bar shi ya sheƙa, kuma koko da kunu ma a bari su sha iska.

Giya fa?

Tana rukunin farko, tana da hannu a kansar baki, maƙogwaro, maƙoshi, hanta, hanji da mama. Ta kwalba da burkutu duk ɗaya ne. Idan ta haɗu da taba ko ciwon hanta, abin ya fi muni.

Zan iya shan ƙwayoyin bitamin domin kariya?

Idan ba likita ne ya ga ƙarancinsu a jikinka ba, kada ka ɓata kuɗinka. A Finlan an ba maza masu shan taba kimanin 29,000 ƙwayoyin gwaji, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna waɗanda suka sha sinadarin da ke ba karas launinsa sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin 100. Wani gwajin a Amurka ya gano bitamin E ya ƙara kansar furostet, wata gaɓa ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara, da kashi 17 cikin 100. Karas ɗin kansa yana da amfani. Sinadarin da aka ciro aka dunƙula da yawa a ƙwaya shi ne ya zama wani abu daban.

Shayarwa tana kare mace daga sankarar mama?

Tana ragewa. Wani babban nazari na 2002 ya nuna kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100. Al'adarmu ta doguwar shayarwa abin riƙewa ce. Amma wadda ta shayar da 'ya'ya goma ma, idan ta ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko ta ga kan maman ya shige ciki ko yana fitar da jini, ta je asibiti a makon nan.

Wanda ciwon ya riga ya kama, akwai abincin da zai warkar da shi?

Babu abincin da aka tabbatar yana warkar da ciwon daji. Zogale abinci ne mai gina jiki, tafarnuwa da zuma ma suna da amfaninsu, amma babu ɗayansu da zai maye gurbin tiyata ko allurar kansa ko gashin ciwon da hasken na'ura. Abin da ke kashe mutanenmu da yawa shi ne watannin da ake ɓatawa ana jiƙe-jiƙe, sai ƙullutun da da farko ana iya cire shi ya fashe ya bazu, sannan a nufi asibiti. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. Duk wani sassaƙe ko garin magani da marar lafiya ke sha a gaya wa likita, domin wasu suna wahalar da hanta da ƙoda a daidai lokacin da suke fama da maganin asibiti.

Mai jinya kuma kada ya bi masu cewa a hana marar lafiya nama da ƙwai da madara wai don kada ciwon ya ƙoshi. Ramewa ce babbar barazana gare shi, kuma jikin da ya rame ba ya jure magani. A ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana: ƙwai, kifi, kaza, alala, faten wake, fura da nonon da aka tafasa, kunun gyaɗar da aka tsince da kyau. Idan allura ta sa bakinsa ya yi gyambo, a rage yaji da tsami, a ba shi abu mai laushi da ya huce. Idan warin girki yana tayar masa da zuciya, a dafa nesa da ɗakinsa. In kuwa ya yi kwana biyu ba ya iya riƙe ko ruwa, ko zazzaɓi ya rufe shi a tsakiyar karɓar allura, a mayar da shi asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta masa a kati.